Ƙasusuwan Tsolmon

Dare ya yi a tsaunukan Arkhangai,
dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar tanti.
Na ƙara busasshen kashin shanu a murhu,
jikata Tsolmon na zaune kan shimfiɗar ulu,
ta zazzage jakar wasanta a tsakiya.

Ƙasusuwan idon sawu ne, na tumakin da muka ci,
sun yi sumul don shafar hannaye.
Na ware uku nan, na ware huɗu can,
na ce, "In garken ya haɗu, nawa ke nan?"
Ta dube ni kamar na tambaye ta faɗin duniya.

Sai ta ƙirga ukun, ta ƙirga huɗun,
ta tattaro su da gefen hannu,
ta koma farko, tana dangwalar kowanne,
leɓenta na motsi.
Ta taɓa wani sau biyu, ta ce, "Takwas."
Ban ce mata a'a ba.
Na ce, "Sake zagaya garken, kar a yi wa mai shi ƙarya."

Shekararta huɗu a lokacin.
Komai sai ta faro shi daga ɗaya.

Da ƙanƙara ta narke, tumaki suka haihu,
muna tsaye bakin shinge da sassafe,
'yan raguna biyar sun shige, biyu na tafe.
Na ji ta ce, "Biyar,"
ta riƙe kalmar a baki kamar mai tsotsar busasshen cuku,
sannan, "shida, bakwai."
Ba ni na koya mata ba.
Ita ce dai ta gaji da komawa baya.

Biyu da tara ne suka kayar da ita.
Ta tashi daga biyu, hannu guda na riƙe da ƙoƙon shayi,
yatsu biyar ba su kai ta gaci ba.
Ta dire ƙoƙon, madara ta fantsama,
ta juya min ƙeya har aka kashe fitila.
Washegari ina ɗaura sirdi ta ja min riga:
"Kaka, in ka hau babban, ƙaramin taku biyu ne.
Tara. Goma, sha ɗaya."
Na ce, "Ai biyu na fara faɗa."
Ta ce, "Shinge bai damu da wadda ta riga shiga ba,
tunkiya tunkiya ce."
Na rasa amsa, sai dariya.

Daga nan hannunta ya fara zama a aljihu.
Shida da shida ta san su
kamar tagwayen maƙwabcinmu Gantulga,
in ka ga wannan ka ga wancan.
Shida da bakwai fa?
"Sha uku. Bakwai ai shida ce ta goyo ɗaya."

Takwas kuwa, in ji ta, kullum da yunwa take,
sai ta ci biyu take cika goma.
In ta gamu da biyar, ta gutsure rabonta,
uku su tsaya a waje suna jiran a kira su.
Wani lokacin ta dace, wani lokacin ta zame,
in abin ya cije sai yatsu su leƙo a ɓoye,
ni kuma in kau da kai, kada ta ji kunya.

Bana, da ciyawa ta yi ja,
mota ta kai ta makarantar kwana a gari.
Ta bar min jakar, ta ce in kula da garkenta.
Na zazzage da dare, na tarar babu guda,
na san aljihun da ya tafi a ciki.

Ni da nake duban tumaki ɗari bakwai
in gane wadda ba ta dawo ba,
yau ga ni ina jera ƙoƙunan shayi,
ina taɓa su, leɓena na motsi.
Huɗu. Na riƙe kalmar a baki.
Hannuna ya miƙa ga na biyar,
ya tsaya a hanya.